Wa Ya Koya Wa Zariya Harbi?

Gidanmu yana Kwangila, ba nisa da gadar da babban titin Kaduna zuwa Kano ya bi ta kanta. Duk wanda ya tashi a wannan unguwa ya saba da wani abu da ke faruwa a lokacin ɗaukar sabbin sojoji. Samari sukan sauko daga motoci, kowa da 'yar jakarsa, wasu ko Hausa ba sa ji, suna tambayar masu babur hanyar Dafo. Bayan wata shida sai ka ga irinsu sun dawo tasha da askin ƙwal-kwabo, tafiyarsu ta sake, har tsayuwarsu ta sake. Tun ina yaro nake kallon wannan, amma ban taɓa tambayar kaina dalilin da ya sa Zariya ta zama wurin da ake zuwa koyon riƙon bindiga ba, sai da larura ta kai ni.

Larurar kuwa ba wata babba ba ce. Bayan na kammala digiri a fannin tarihi, ina zaman jiran kiran hidimar ƙasa, wani abokina ya nuna mini bidiyon wata gasa da ake yi a Amurka. Mutum ɗaya ke fafatawa da bindiga uku. Akwai doguwa mai cin dogon zango, wadda aka yi wa cikin bututunta zane mai murɗiya domin harsashi ya fita yana juyi, ya tafi sak. Akwai irin ta masu harbin tsuntsu, mai santsin ciki, wadda ke watsa ƙananan ƙwayoyin dalma a kusa. Ta uku ita ce ƙaramar bindigar hannu. Ana auna saiti, ana auna sauri, kuma wanda ya karkata bakin bindiga wajen mutane, ko da kuskure ne, an kore shi ke nan. Abin ya ba ni sha'awa. Na bincika na tarar harbi yana cikin wasannin Olamfik tun 1896. Sai na ce a raina, ni da nake garin da sojan Nijeriya ke koyon harbi, ai neman malami ba zai yi mini wuya ba.

Na yi mako uku ina tambaya. Duk inda na buɗe baki sai a dube ni sama da ƙasa. Wani ya ce in rufa wa kaina asiri, wani ya tambaye ni ko wani ne ya aiko ni. Daga ƙarshe na je wurin wani dattijo maƙwabcinmu, tsohon soja, wanda duk unguwa ke kira Baba Samja. Na gaishe shi, na zauna a gefen tabarma, na faɗa masa buƙatata. Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ɗana, a garin nan ba a koyon bindiga don sha'awa. Ko ka gada, ko ka sa kaki. Kai da ka karanta tarihi, je ka duba ko an taɓa yin wata hanya." Wannan magana ita ta haifi wannan rubutu.

Da farko dai kalmomin kansu suna ba da shaida cewa bindiga baƙuwa ce. Bindiga daga bundukiyya ta Larabci take, albarushi daga albarud, harsashi kuma daga rasas, wato dalma. Ke nan Bahaushe ya fara jin labarinta daga bakin mutanen arewa da gabas. A Borno, a ƙarni na 16, Mai Idris Aloma ya samo Turkawa masana bindiga suka horar masa da mutane, kamar yadda limaminsa Ibn Fartuwa ya rubuta. A ƙasar Hausa kuwa, kundin tarihin sarakunan Kano ya ambaci shigowar bindigogi a zamanin Sarki Kumbari, wanda ya yi mulki daga 1731 zuwa 1743, ya kuma nuna cewa Babba Zaki, mai mulki daga 1768 zuwa 1776, shi ya fara ajiye 'yan bindiga a matsayin masu tsaron sarki. Abin lura a nan shi ne, tun a farkon ambatonta, bindiga tana fada ne, ba a kasuwa ba.

Duk da haka ta daɗe ba ta zama uwar makamai ba. Bindigar wancan zamani ta baki ake ɗura ta. A zuba albarushi, a tura tsumma, a sa dalma, a danna da ƙarfe. Kafin a gama wannan, maharbi mai baka ya saki kibiya da yawa. Idan damina ta jiƙa albarushi, bindiga ta zama sanda. Shi ya sa jihadin 1804 da baka da takobi da doki aka yi shi, haka nan lokacin da Malam Musa ya karɓi Zazzau a 1808. Barde mai asali yana ganin darajarsa a kan doki take. Bindiga aikin dakaru ne masu tafiya a ƙasa, kuma mafi yawansu bayin sarki ne. Wannan ba haɗari ba ne. Sarki ya fi amincewa ya ɗora makami mai ƙarfi a hannun wanda ba shi da dangin da za su tsaya masa wajen neman sarauta.

A ƙarshen ƙarni na 19 al'amari ya fara sauyawa, kuma Zazzau na cikin wuraren da sauyin ya fi bayyana. M. G. Smith, a littafinsa kan mulkin Zazzau da ya fito a 1960, ya bayyana yadda Sarki Yero, a shekarun 1890, ya kafa rundunar 'yan bindiga ta kansa daga cikin bayi. Da wannan runduna sarki ya rage dogaro da hakimai masu kawo dawakai ranar yaƙi, ƙarfi ya tattaru a fada. Da Yero ya rasu a 1897, Wazirin Sakkwato ya zo naɗa sabon sarki, sai ya tarar ɗan marigayin, Kwasau, yana da 'yan bindigar nan a bayansa. Aka naɗa Kwasau. Ranar nan bindiga ta sa baki a zaɓen sarkin Zazzau, abin da a da na masu zaɓe ne da Sarkin Musulmi.

Amma a daidai lokacin da sarakunanmu ke tara bindigogi, an riga an rufe musu ƙofa daga nesa. A 1890 ƙasashen Turai suka ƙulla yarjejeniya a birnin Burasel wadda ta hana sayar wa mutanen mafi yawan Afirka bindigogin zamani, aka bar musu tsofaffi masu ɗuri ta baki. Su kuwa Turawan Ingila sun daɗe da gano cewa ba sai sun kawo soja daga ƙasarsu ba. Tun a 1863, a Legas, John Glover ya tara wasu Hausawa, da yawansu bayi ne da suka gudu, ya koya musu fareti da harbi. Daga wannan ƙaramar ƙungiya sojan Nijeriya ke lissafa asalinsa. A 1897 aka ɗora wa Lugga aikin kafa rundunar Afirka ta Yamma, Hausa kuma ta zama harshen bariki.

Sakamakon ya zo har gida. A 1902, lokacin da Ibrahim Nagwamatse na Kwantagora ya addabi ƙasar Zazzau, Kwasau ya nemi taimakon Turawa. Sun zo, ba su kuma fita ba. Ba da jimawa ba suka tuɓe shi suka kai shi Lakwaja, can ya rasu. Daga nan Zariya ne Kanar Morland ya tashi a ƙarshen Janairun 1903 da sojoji baƙaƙe ɗari bakwai da 'yan kai, da igwa huɗu, da bindigogi masu ruwan harsashi ƙirar Maxim huɗu. Ranar 3 ga Fabrairu Kano ta faɗi, ranar 15 ga Maris Sakkwato ta bi baya. Kano ba ta rasa jarumai ba, ba ta kuma rasa bindigogi ba. Abin da ta rasa shi ne mutanen da aka yi watanni ana koya musu tsayawa a sahu, da jiran umarni, da sakin wuta tare. Yawancin masu danna kunamar da ta rushe daular kuwa Hausa suke ji. Kuma kada a ɗauka wannan horo ya zo da tausayi. A Satiru, a 1906, talakawa masu gatari da fartanya sun ci galaba a karon farko, amma da sojoji suka dawo a watan Maris, garin ne gaba ɗaya aka shafe.

Bayan da mulkin mallaka ya zauna, sai Zariya, da jirgin ƙasa ya riga ya ratsa tun 1911, ta zama mahaɗa. A 1924 aka kafa Dafo a nan domin horar da kurata. Daga cikin waɗanda suka bi ta irin wannan horo aka kwashi dubbai zuwa Bama a Yaƙin Duniya na Biyu, a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Wata birged ta 'yan Nijeriya ta yi yaƙi tare da dakarun da ake kira Chindit a 1944, kuma sunan da barikin Zariya ke ɗauke da shi ke nan har yau. A 1954 aka buɗe sashen horar da yara, wanda ya zama Makarantar Soja ta Nijeriya. Har gasar harbi soja yana yi tsakanin rundunoninsa. Wato abin da na gani a bidiyo akwai danginsa a ƙasar nan, sai dai yana bayan katanga.

A wajen katanga fa? Nan ma akwai ilimi, amma na gado ne. Maharba suna da sarkinsu, suna da ƙa'idojinsu. Yaro yakan yi shekaru yana ɗaukar wa ubansa jaka, yana koyon sawun dabba da inda iska ta dosa, kafin a bari ya taɓa bindigar toka. 'Yan bindigar fada su ma suna nan, sai dai aikinsu ya koma na ado. Ranar hawan Sallah suna gaban sarki, suna ɗura albarushi ba dalma, suna harba sama, hayaƙi ya turnuƙe, dawakai su zabura. Hukuma kuma ta ɗaure abin da Dokar Makamai ta 1959, wadda ta kasa bindigogi gida uku. Na yaƙi sai da izinin shugaban ƙasa, irin na farauta sai da lasisin Sufeto Janar na 'yan sanda, masu ɗuri ta baki kuma a hannun kwamishinan 'yan sanda na jiha izininsu yake.

Da na tattara waɗannan, sai na ga Baba Samja ya yi gaskiya. Daga Babba Zaki zuwa yau, koyon harbi a ƙasar nan bai taɓa zama abin da mutum ke shiga shi kaɗai don ganin dama ba. Kowace ƙofa akwai mai tsaronta. Maharbi yana ƙarƙashin ubansa da sarkin maharba, ɗan bindiga yana ƙarƙashin fada, kurtu yana ƙarƙashin kofur da samja. Masu tsaron nan ba waliyyai ba ne, tarihi ya nuna sun sha juya bakin bindiga kan talaka. Amma a kowane hali akwai wanda za a nuna a ce shi ya koyar, shi ya ba da umarni, shi za a tambaya.

Abin da ya sa mutane suka dube ni da zargi shi ne, a zamaninmu an buɗe wata ƙofa da ba ta da mai tsaro. A dazuzzukan Birnin Gwari da Giwa, yaran da ba su kai ƙannena ba suna rataye da AK-47. Ba su ɗauki jakar kowa ba, ba su yi fareti ba, babu wanda ya taɓa koya musu lokacin da ake sauke makami. Mutanen Zariya sun ji zafin haka a jikinsu lokacin da aka shiga Kwalejin Fasaha ta Nuhu Bamalli a watan Yunin 2021 aka kwashi ɗalibai da malamai, da kuma harin jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna ranar 28 ga Maris, 2022. A irin wannan yanayi, saurayin da ke yawo yana tambayar inda ake koyon bindiga bai kamata ya yi mamaki ba idan aka ja baya da shi. Ni dai ina ganin akwai ranar da ƙasar nan za ta iya buɗe filin wasan harbi ga farar hula, mai rajista, bindigoginsa a ma'ajiyar hukuma, malamansa tsofaffin sojoji. Amma waiwaye adon tafiya. Duk wanda zai buɗe irin wannan ƙofa, ya fara samo mai tsaronta.

Na koma wurin Baba Samja na karanta masa abin da na tara. Ya saurara har ƙarshe, ya gyara mini sunan wata runduna, sannan ya shiga ɗaki ya fito da ƙotar fartanya. Ya ce, "Tashi. Darasin farko ba ya buƙatar lasisi." Ya nuna mini yadda ake kafa ƙafa, da yadda ake manna gindin a kafaɗa, da yadda ake riƙe numfashi. Ya ce yatsa ba ya zuwa wurin kunama sai an yi niyya. Muna cikin haka jikarsa ta shigo da kwanon abinci ta yi sallama, na juya in amsa, ƙotar tana kafaɗata, bakinta ya bi ni ya tsaya daidai ƙirjin yarinyar.

Baba ya miƙo hannu ya karɓi ƙotar, ya jingina ta da bango. Ya ce, "Yau mun tashi. Da a Dafo ne, da ka kwana kana tsallen kwaɗo. Ka dawo ranar Asabar."

Na ce, "To, Baba." Har yanzu ban shiga gasa ba, ban kuma taɓa riƙe bindiga ba. Amma ranar Asabar na koma.