Waiwaye: Fina-finan Indiya da Aka Yi Wa Ature, Daga Baya Aka Dawo Ana Yabo

Mai karatu, idan kana cikin waɗanda suka yi zamanin bin layin tikiti a Plaza ko Orion ko Marhaba a Kano, ko kuwa ka tashi ka tarar da kasa-kasan Indiya jibge a ɗakin yayarka, na san ba sai an gabatar maka da Raj Kapoor ba. Amma ko ka san cewa fim ɗin da mutumin nan ya fi ƙauna a duk rayuwarsa shi ne ya kusa talauta shi? Sunan fim ɗin Mera Naam Joker, wato "Sunana Joka". Yau idan ka ji masana suna lissafa manyan fina-finan Indiya, da wuya su tsallake shi. Amma lokacin da ya fito, ran 18 ga Disamba, 1970, ba a daɗe ba kujerun silima suka koma fayau.

Bari mu ɗan koma baya. A 1964 Raj Kapoor ya saki Sangam, fim mai tsawon gaske har da hutu biyu a tsakiya, kuma ya kwashi kuɗi kamar ba gobe. Wannan nasara ce ta ba shi ƙarfin gwiwa ya ɗauko labarin da ya daɗe yana ci masa rai, labarin ɗan kama mai sa mutane dariya alhali zuciyarsa na kuka. Khwaja Ahmad Abbas ne ya rubuta, Shankar da Jaikishan suka yi kiɗa. Shi kuwa Raj ya haɗa wa kansa furodusa da darakta da jarumi, har da tace hoto. Kusan shekara 6 ana abu ɗaya. Ya zuba abin da ya mallaka, ya jinginar da kadara, ya ɗauko 'yar rawa Kseniya Ryabinkina daga Tarayyar Sobiyat tare da 'yan wasan ƙasarsu. Ya tara taurari irin su Manoj Kumar da Rajendra Kumar da Dara Singh da Dharmendra, wanda 'yan kallonmu suka laƙaba wa Sarkin Ƙarfi. Da aka gama, sai ga fim ya haura awa 4, shi ma da hutu biyu.

Labarin kashi 3 ne. A na farko, Raju yaro ne ɗan makaranta, ɗan talakawa, wanda ya kamu da son malamarsa Mary. Rishi Kapoor, ɗan Raj na cikinsa, shi ya fito a wannan matsayi, Simi Garewal kuma ita ce malamar. Ta tafi ta auri saurayinta, ta bar yaro da 'yar tsanar joka a hannu. A kashi na biyu Raju ya girma, ya shiga ƙungiyar masu wasan tsalle-tsalle da dabbobi a cikin tanti, sana'ar da ta kashe ubansa, wadda kuma uwarsa ta yi iya ƙoƙarinta ta raba shi da ita. Nan ya haɗu da Marina, Baturiyar Rasha, ba ya jin yarenta, ba ta jin nasa. A na uku kuma ya haɗu da Meena, wato Padmini, wadda ta ɓad da kama ta zama namiji don ta tsira a titi. Ya ɗaga ta har ta yi suna, sai wani tauraron fim ya ja ta zuwa harkar fim, ta tafi. Mata uku, kowacce ya ba ta 'yar tsanar nan, kowacce ta dawo masa da abinsa.

To, me ya sa aka guje shi? Ka tuna mutane sun ji sunan Joka, sun ga hoton Raj da jan hanci a fasta, sun biya kuɗinsu da niyyar su sha dariya. Sai suka tarar da makoki. Sannan ka dubi kasuwar lokacin: Rajesh Khanna ya riga ya mamaye zukatan 'yan mata tun daga Aradhana a 1969, kuma makonni kaɗan kafin Joka, Dev Anand ya saki Johny Mera Naam, fim mai gudu da faɗa da waƙoƙi masu daɗi, wanda ya zama zakaran wannan shekarar. Wa zai bar wannan ya je ya zauna awa 4 yana kallon mutum na kuka da fenti a fuska? Masu sharhi a jaridu su ma ba su raga masa ba. Aka yi sauri aka datse fim ɗin ko za a samu ya motsa, amma ina, bakin alƙalami ya riga ya bushe.

Yanzu ga tambayar da ta sa na ɗauki biro. Shin an zalunci fim ɗin nan, ko kuwa shi ya jawo wa kansa?

Ni dai na sake zama na kalle shi daga farko har ƙarshe, kuma abin da na gani shi ne gaskiya ta rabu gida biyu. Kashi na farko, wallahi, ban san wani fim na Indiya na wancan zamani da ya kama halin yaro mai tasowa kamarsa ba: kunya, da kishi, da jin ya yi zunubi alhali bai ma san sunan abin da ke damun sa ba. Babu ihu, babu mugu, babu tsiya. Rishi bai kai shekara 20 ba a lokacin, amma ya ci lambar yabo ta ƙasa ta yaran 'yan wasa, kuma ya cancanta. A kashi na biyu akwai wurin da har gobe ba na iya kallonsa ban haɗiye wani abu a maƙogwaro ba. Uwar Raju ta zo kallo, ta ɗaga kai ta hango ɗanta yana lilo a can ƙololuwar tanti, daidai irin wasan da ya yi ajalin mijinta, nan take ta yanke jiki ta faɗi, rai ya yi halinsa. Shi kuwa dole ya koma fili ya ci gaba da ba mutane dariya, don sun biya. Duk wanda ya taɓa fita neman abinci ran da aka yi masa rasuwa ya san abin da ake nufi.

Amma kashi na uku fa? A nan kam ina bayan 'yan kallon 1970. Raj yana da shekara 46 lokacin da fim ɗin ya fito, jiki ya yi nauyi, amma yana nan yana wasan saurayi marar wayo. A ce kuma mace kamar Padmini ta sa riga da hula ta zauna da mutum wata da watanni bai gane mace ba ce, ai ko yaron goye sai ya yi tsaki. Labarin ya ja, ya ja, ya koma maimaita abin da an riga an faɗa sau biyu. Babban aibin kuma shi ne tausayin kai. Raju bai taɓa laifi ba, kullum shi ake cuta, kullum duniya ce ba ta gane shi ba. Idan marubuci ya so jaruminsa fiye da kima, mai karatu kan gaji da shi, kuma masu karatun littattafanmu na soyayya sun san irin wannan jarumi sarai.

Saboda haka hukuncin kasuwa bai zama ƙarya gaba ɗaya ba, sai dai ya yi tsanani. An haɗa kashi biyu masu kyau an binne su tare da na ukun. Abin mamaki, mujallar Filmfare ta ba Raj kambun gwarzon darakta a kan wannan fim ɗin da ya karya shi, kuma da aka kai shi Tarayyar Sobiyat a 1972 aka nuna shi kashi-kashi, ya samu karɓuwa, don can tun zamanin Awaara na 1951 suke son mutumin. Ka lura da wannan: da aka raba shi uku, sai ya shiga. Daga baya talabijin da bidiyo suka yi masa irin wannan gata a gida Indiya, inda mutum zai kalla ya tsayar, ya ci tuwo ya dawo. Bashin da ya bari kuwa Bobby ne ya biya shi a 1973. Rishi da bakinsa ya sha faɗa cewa ba don a fito da shi aka yi Bobby ba, an yi ne don a biya bashin Joka, kuma babu kuɗin ɗaukar babban tauraro. Raj ya rasu a 1988, ya dai ga farkon dawowar martabar fim ɗinsa.

Guru Dutt bai samu wannan sa'ar ba. A 1959 ya saki Kaagaz Ke Phool, ma'ana furannin takarda, fim na farko a Indiya da aka ɗauka da faffaɗan hoton nan na CinemaScope. Labarin wani shahararren darakta ne, Suresh Sinha, wanda aurensa ya lalace, aka raba shi da 'yarsa, ya tsinto wata yarinya Shanti ya mai da ita tauraruwa. Waheeda Rehman ce ta fito a Shanti. Ita tana hawa, shi yana gangarowa, giya ta cinye shi, har ƙarshe ya lallaɓo cikin sutudiyon da ya yi mulki a da, tsoho a tsumma, ya zauna a kujerar darakta ya cika, ma'aikata suka zo da safe da ƙyar aka gane shi. Jama'a suka ƙi fim ɗin ƙememe. Abin ya yi wa Guru Dutt ciwon da bai ƙara sa sunansa a matsayin darakta ba. Chaudhvin Ka Chand na 1960, wanda ya mayar masa da kuɗinsa, wani ya ba ya ja ragamarsa. Ran 10 ga Oktoba, 1964 aka tarar da gawarsa a ɗakinsa a Bombay, yana da shekara 39. Sai a shekarun 1980, bayan an nuna ayyukansa a Turai, musamman Faransa, aka dawo ana cewa ashe gwani ne.

Shi wannan, a ganina, zaluncin da aka yi masa ya fi na Joka. Dubi aikin mai ɗaukar hoto V.K. Murthy kawai, yadda ya yi dabara da madubai ya jawo hasken rana ya ratso duhun sutudiyo kamar igiya, mutum biyu na tsaye nesa da juna, hasken ya faɗi abin da bakinsu ya kasa. Murthy ne mai ɗaukar hoto na farko da aka ba lambar Dadasaheb Phalke, mafi girma a harkar fim ta Indiya. Duk da haka kada a rufe ka da yabo, akwai barkwancin Johnny Walker da dangin matar daraktan masu kwaikwayon Turawa, wanda aka cusa shi kamar an ɗinka facin atamfa a jikin shadda. Kuma shi ma Suresh yana da ciwon Raju, girman kai ya hana shi karɓar taimako, sannan ana so mu yi masa kuka. Bambancin shi ne a nan fim ɗin ya san jaruminsa na da laifi.

Wani lokacin ma kuskuren ba ya daɗewa. Sholay da kake ji, wanda yara a unguwanninmu suka haddace maganganun Gabbar ba tare da sun san ma'anarsu ba, da ya fito ran 15 ga Agusta, 1975 masu sharhi sun yi masa kaca-kaca, makonnin farko kasuwa ta yi sanyi, har Ramesh Sippy da marubutansa suka yi tunanin sake ƙarshen don kada Amitabh ya mutu. Allah Ya sa ba su taɓa ba. Ya shekara 5 ana nuna shi a silimar Minerva ta Bombay. Shi kuwa Lamhe na Yash Chopra, 1991, abin da ya kayar da shi a gida daban ne: yarinya ta so mutumin da ya taɓa son mahaifiyarta, ga shi kuma kamar uba yake a wurinta. Indiyawa suka ce ba da su ba, na ƙasashen waje suka rungume shi, Filmfare ta ba shi gwarzon fim. Aikin ya yi kyau, Sridevi ta yi wasa na gaske, amma ni ban ga laifin wanda ransa bai kwanta da labarin ba. Da a Kano aka yi shi, na san da hayaniyar ta fi haka.

Kada kuma ka ɗauka duk fim ɗin da ya faɗi ɓoyayyen zinare ne. Wannan wata cuta ce da ta kama masu sharhi a yanzu, kowane kwantai sai a kakkaɓe shi a ce mutanen da ne ba su gane ba. Je ka nemi Roop Ki Rani Choron Ka Raja na 1993. Ga Anil Kapoor, ga Sridevi, ga kuɗin da ba a saba kashewa ba a lokacin, shekaru ana ɗauka. Ka kalle shi yau, kayan ado ne tsibi guda babu labarin da zai riƙe su. Shekara 25 bayan fitowarsa, daraktan da kansa, Satish Kaushik, ya fito fili ya ba furodusa Boney Kapoor haƙuri. Wanda ya yi abu ya ce bai yi daidai ba, kai wane ne da za ka ce ya yi?

Abin da ya sa duk wannan ya dame ni shi ne namu na gida. Indiyawa sun iya sake wa Joka da Kaagaz Ke Phool shari'a ne saboda fina-finan suna nan, an adana su. A zamanin kaset, fim ɗin Hausa makonni kaɗan gare shi a hannun 'yan kasuwar Ƙofar Wambai: in ya tafi ya tafi, in ya kwanta an gama da shi, furodusa ya rungumi asara, wani lokacin don kawai babu rawa da waƙar da ake yayi. Kaset kuwa ba ya jure zafi da ƙura. Duk wanda ke da irin waɗannan kwantan a kwali a ƙarƙashin gado, don Allah ya fito da su a juye kafin zaren ya manne.

In kuma za ka nemi Mera Naam Joker, nemi cikakken, ba wanda aka datse ba. Kalli kashi na farko daren Juma'a, na biyu daren Asabar. Na ukun kuwa, in ka ga barci na fizgarka wajen da karen Meena ya ɓace, ka kwanta abinka, gobe ka tsallaka zuwa wasan ƙarshe inda matan uku ke zaune a sahun gaba.