Yadda Malaman Fiziks Suka Fara Auna Ajinsu

Kafin shekarun 1980, malamin fiziks a jami'o'in Amurka yana gane nasarar koyarwarsa ne ta makin jarrabawa da yabon ɗalibai. Tun 1953 masanin ilimi Stephen Corey yake kira ga malami ya binciki aikinsa da kansa, amma kiran bai ratsa sassan kimiyya ba. A ganina dalilin a fili yake: mutumin da ya saba da ma'auni ba ya jin nasiha sai an miƙa masa abin aunawa. Abin da Ibrahim Halloun da David Hestenes na Jami'ar Jihar Arizona suka miƙa ke nan a 1985. Sun tsara tambayoyi kan motsi da ƙarfi waɗanda ba sa buƙatar dogon lissafi, sai ga shi ɗalibi yana warware lissafi mai wuya alhali bai yarda da Newton a ransa ba, yana nan kan cewa abu ba ya ci gaba da tafiya sai ana tura shi. Eric Mazur na Harvard, wanda ɗalibai ke yabon laccarsa, ya gwada irin tambayoyin a ajinsa a 1990, sakamakon ya ba shi kunya. Da shekara ta zagayo ya rage surutu, ya koma jefa tambaya, kowa ya zaɓi amsa, sannan ya juya ya shawo kan na kusa da shi kafin a sake zaɓe.

Masu suka suna cewa malamin da ke binciken ajinsa alƙali ne a shari'ar kansa, kuma abin da ya ci a Harvard ba lalle ya ci a wani wuri ba. Maganar tana da nauyi, da a ce kowa ya ƙera ma'auninsa. Amma tambayoyin iri ɗaya ne, kuma ana yin su kafin darasi da bayansa, don haka ana iya kwatanta aji da aji. A 1998 masanin fiziks Richard Hake ya haɗa sakamakon kwasa-kwasai 62 na ɗalibai 6,542. Inda ake lacca zalla, ɗalibai sun cike kusan kashi 23 cikin ɗari na giɓin fahimtarsu. Inda ake sa su muhawara da aiki, kusan kashi 48. Ƙorafin da ya fi wuyar amsawa shi ne na ƙarin girma, domin jami'a takan ƙirga takardun bincike ne kawai. Saboda haka masanin ilimi Ernest Boyer ya nemi a 1990 a ɗauki nazarin koyarwa a matsayin aikin ilimi cikakke, kuma a 1998 Gidauniyar Carnegie ta buɗe shiri na musamman domin malaman da ke irin wannan bincike.