Daga Ramzi Zuwa 𝟎𝟕: Tarihin Yi Wa Lamba Kwalliya

Ka lura da yadda samari ke rubuta sunansu a Facebook da TikTok? Wani ya sa "𝓓𝓪𝓷 𝓗𝓸𝓻𝓸 𝟎𝟕", wani ya maƙala ⑨⑨ a bayan sunansa. Kada ka ɗauka yau aka fara yi wa lamba ado a ƙasar Hausa. Abin ya daɗe, salo ne kawai ya sauya.

In kai mutumin Horo Birni ne, ba sai ka yi nisa ba wajen neman tarihin. Nan Sifawa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Abdullahi kuma ya zauna Boɗinga. Malaman wancan zamani, in sun kammala waƙa ko littafi, sau da yawa sukan saka shekarar cikin wata kalma maimakon su zayyana alƙaluma. Shi ake kira ramzi. Nana Asma'u ma takan rufe waƙoƙinta da shi.

Ga yadda abin yake: kowane harafin Larabci yana da ƙimarsa. A lissafin Magaribawa, wanda malamanmu suka bi, ش dubu ne, ر metan, ي goma, ح takwas. Haɗa su ka gani: 1218. Ita ce shekarar da Shehu ya yi hijira daga Degel zuwa Gudu, wato 1804. Almajiri ya haddace kalma ɗaya, shekara ta zauna masa a ka. Ado ne da ke da aiki.

Su kuwa 1, 2, 3 da muke rubutawa yau, asalinsu Indiya. Larabawa suka ɗauko, Turawa suka koya daga Larabawa. Fibonacci, ɗan Italiya da ya yi karatun lissafi a Bijaya ta Aljeriya, ya yaɗa su da littafinsa na 1202. Mu kuma makarantun boko suka bazu da su a ƙasarmu bayan Turawa sun ci Sakkwato a 1903.

To, 𝟎𝟕 ɗin nan fa, daga ina? Tsarin Unicode, wanda ke ba kowane harafi lambarsa a kwamfuta, shi ya shigo da irinsu a 2001, don masana lissafi su bambanta alamomi a rubutunsu. Ba don suna aka yi su ba. A wurin waya, 𝟕 daban, 7 daban.

Nan matsalar take. Mai neman ka da sunanka na gaskiya yana iya rasa ka. Tsohuwar waya sai ta nuna 'yan akwatuna. Manhajar da ke karanta wa makafi rubutu kuma takan tsallake su ko ta yi ta kiran sunayen lissafi.

Babbar asarar ma ta Hausa ce. A jerin haruffan adon nan babu ƙ, babu ɗ, babu ɓ. Dole "Ɗan" ya koma "Dan", "baƙi" ya koma "baki". Kai ko! An yi kwalliya an karya ƙa'ida.

Saboda haka, in za ka yi ado, yi shi a gefe. Sunanka da lambar wayarka dai bar su yadda kowa zai karanta, da lanƙwasarsu cikakkiya.

Ga aikin gida: da ش da ر da ل aka rubuta shekarar da Shehu ya koma Sakkwato. In ل talatin ne, wace shekara ke nan ta Hijira?