Tsarin sha ɗaya-ɗaya: Yadda sashen magunguna na asibiti ke raba magani ga majinyatan da ke kwance

Tsarin sha ɗaya-ɗaya hanya ce ta raba magani a asibiti, inda sashen magunguna ke ware wa kowane majinyaci da ke kwance daidai abin da zai sha ko za a yi masa allurarsa a kowane lokaci, a ƙunshi guda mai ɗauke da sunan maganin da ƙarfinsa da ranar ƙarewar wa'adinsa. A bisa ƙa'ida ba a kai wa ɗakin kwanciya abin da ya wuce na sa'o'i 24. Washegari sai a sake duba abin da likita ya rubuta, a sake ƙirgawa.

Wannan batu ya shafi duk wanda ya taɓa jinyar ɗan'uwa. Mutumin Achilafiya a Ƙaramar Hukumar 'Yankwashi, ko na Roni ko Gwiwa, idan ciwo ya fi ƙarfin asibitin sha-ka-tafi, galibi Babban Asibitin Kazaure ake dosa da shi, kamar yadda mutanen ƙauyukan Ɓaɓura ke dosar babban asibitin garinsu. Daga ranar da aka ba shi gado, magani na cikin abubuwan da suka fi cin kuɗin iyalinsa, kuma hanyar da maganin ke bi kafin ya iso bakinsa ita ke nuna ko kuɗin ya yi amfani ko ya salwanta.

Hanyoyi uku na kai magani ɗakin kwanciya

Hanya mafi daɗewa ita ce ta ajiya a ɗaki. Sashen magunguna kan ba kowane ɗakin kwanciya kwalabe da kwalaye a dunƙule, ma'aikatan jinya su riƙa ɗiba suna bai wa wanda aka rubuta wa. Tana da sauri, sai dai masanin harhaɗa magunguna ba ya ganin takardar majinyaci ko kaɗan, kuma da wuya a san inda kowace ƙwaya ta tafi.

Hanya ta biyu ita ce wadda aka fi sabawa da ita a manyan asibitocin gwamnati na Arewa. Likita ya rubuta maganin kwana biyar ko bakwai, mai jinya ya ɗauki takarda ya biya a wurin karɓar kuɗi, ya karɓo a taga, ko ya fita kemis idan babu. Daga nan magani ya zauna a leda cikin durowar gefen gado, tare da kwanon abinci da filas ɗin shayi. Idan likita ya sauya magani a rana ta biyu, ko aka sallami majinyaci, ko rai ya yi halinsa, ragowar ta zama asara. Wani lokaci ma ta bi mutane gida, inda za a ba wani da ciwonsa ya yi kama da na farko.

Hanya ta uku ita ce ta sha ɗaya-ɗaya. Abin da ya bambanta ta shi ne ta ɗauke nauyin ajiya da ƙirga daga hannun mai jinya, ta mayar da shi hannun waɗanda suka karanci magani.

Inda tsarin ya samo asali

A Amurka aka fara shi a farkon shekarun 1960, bayan masu bincike sun tsaya a ɗakunan kwanciya suna kwatanta abin da likita ya rubuta da abin da majinyaci ya sha, suka tarar kurakuran sun fi yadda ake zato. Daga cikin waɗanda suka yi fice a wannan aiki akwai Kenneth Barker da William Heller, waɗanda suka gwada tsarin a asibitin Jami'ar Arkansas. Cikin shekarun 1970 ya bazu a asibitocin ƙasar. Daga baya aka ƙara masa kabad mai kwamfuta da ba ya buɗewa sai ma'aikaci ya shigar da shaidarsa. A 2004 kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta wajabta buga lambar da na'ura ke karantawa a jikin yawancin magungunan da ake amfani da su a asibiti.

Matsalar da tsarin ke son magancewa ba ta ƙasa ɗaya ba ce. A watan Maris na 2017 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙaddamar da gangamin rage cutarwar da kuskuren magani ke jawowa, da burin rage ta da rabi cikin shekara 5, ta kuma ƙiyasta cewa irin waɗannan kurakurai na cin dala biliyan 42 a duniya duk shekara. A Najeriya wasu asibitocin koyarwa da cibiyoyin lafiya na tarayya sun ɗauki tsarin, galibi da hannu da takarda, ba tare da na'urori masu tsada ba.

Matakan da magani ke bi

Aikin yana farawa ne da zagayen likita na safe. Duk abin da ya rubuta a takardar magani ta majinyaci, kwafinsa na isa sashen magunguna, ko kuma masanin harhaɗa magunguna ya zo ɗakin da kansa ya ɗauka.

Mataki na biyu shi ne tantancewa, kuma shi ne ƙashin bayan tsarin. Masanin yana da katin kowane majinyaci, mai nuna shekarunsa da nauyinsa da ciwonsa da magungunan da jikinsa ba ya karɓa. A nan zai ga ko awon ya yi wa yaro yawa, ko magunguna biyu ba sa haɗuwa, ko an rubuta wa mai juna biyu ko mai ciwon ƙoda abin da zai cutar da shi. Idan ya ga alamar tambaya, sai ya koma ga likita kafin a fitar da ko ƙwaya ɗaya.

Bayan haka sai ƙunshewa. Ana yanka katin ƙwayoyi ɗaya bayan ɗaya ko a zuba su a ƙananan ambulan, a rubuta sunan magani da ƙarfinsa da lambar rukunin da aka sarrafa shi da wa'adinsa. Na ruwa a auna shi a ƙaramin mazubi mai murfi. Kowane majinyaci yana da aljihunsa a jikin keken magani, mai ɗauke da sunansa da lambar fayil da ta gado. Wanda ya cika aljihun daban, wanda ya duba daban.

Idan keken ya isa ɗaki, ma'aikaciyar jinya ta ƙirga ta sa hannu. Lokacin shan magani, sai ta tabbatar da abubuwa biyar da ake koya wa kowane ɗalibin aikin jinya: majinyacin ne, maganin ne, awon ne, hanyar bayarwar ce, lokacin ne. Ba a buɗe ƙunshi sai a bakin gado, kuma ana rubutawa nan take. Washegari a musanya aljihunan. Duk ƙunshin da ya dawo ba a buɗe ba, a tambayi dalili, a mayar da shi ma'ajiya, a cire kuɗinsa daga lissafin majinyaci.

Akwai abubuwan da ba sa jiran wannan zagaye. Magungunan gaggawa da ledojin ƙarin ruwa suna nan a ɗaki kullum. Magunguna masu sa maye kamar mofin suna kabad mai makulli da rajista ta musamman. Insulin da allurar oksitosin da ake yi wa mata bayan haihuwa kuwa wurinsu firji, tsakanin ma'aunin sanyi 2 zuwa 8.

Misali daga ɗakin yara

Zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, wanda ke cika ɗakunan yara daga tsakiyar damina zuwa kaka, ya isa misali. Ana yin allurar atesunet da zarar an kwantar da yaro, a maimaita bayan sa'o'i 12, sannan bayan 24. Awonta ya dogara da nauyin jiki: miligiram 3 ga kowane kilo idan yaron bai kai kilo 20 ba, miligiram 2.4 ga wanda ya kai. Garin allurar kuma da zarar an dama shi, dole a yi amfani da shi cikin sa'a guda. Idan yaro ya farfaɗo bayan allura uku har yana iya haɗiya, sai a koma ga na sha na kwana uku. Uban da aka sa ya sayi kwalaben kwana biyar tun ranar farko ya biya kuɗin abin da ba za a taɓa ba. A tsarin sha ɗaya-ɗaya, abin da ya shiga jikin ɗansa kaɗai zai biya.

Kuɗi da hukumomi

Tun bayan yarjejeniyar Bamako ta 1987, asibitocin gwamnati da dama a Najeriya ke gudanar da asusun magani mai juyawa: a sayar da magani da riba kaɗan, a sake saro wani da kuɗin. A Jigawa, an kafa hukumar JIMSO domin ta riƙa saro magunguna da yawa ta sayar wa asibitocin jihar. Irin wannan asusu da ɗan kasuwa zai gane shi nan take, domin jari ne, kuma ƙwayar da ta ɓace ko wa'adinta ya ƙare a durowa giɓi ce a jarin. Haka ma hukumomin inshorar lafiya, ta tarayya da aka sabunta dokarta a 2022 da ta jiha wato JICHMA, wadda ma'aikatan gwamnati ke zuba wa kaso daga albashinsu, suna buƙatar lissafin da ke nuna abin da kowane majinyaci ya sha. Rajistar magunguna aikin NAFDAC ne, lasisin masana harhaɗa magunguna da wuraren aikinsu kuma yana hannun majalisar kula da aikin harhaɗa magunguna ta ƙasa.

Abin da tsarin ke buƙata

Tsarin yana cin ma'aikata. Tantance takardar kowane majinyaci kullum da cika aljihuna ɗaya bayan ɗaya aiki ne da ba ya yiwuwa a asibitin da mutum ɗaya ko biyu ke riƙe da tagar 'yan waje da ta 'yan kwanciya. Yana buƙatar sashen magunguna da ke buɗe dare da rana, da wutar da za ta riƙe firji, da ambulan da takardun liƙawa. Yana buƙatar ma'ajiya cike, domin ranar da aka ce babu, mai jinya zai koma kemis, leda ta dawo durowa. Galibi kuma yana tafiya da kuɗin ajiya da iyali ke sakawa ranar kwanciya, a riƙa cira a hankali, abin da kan yi wa manomi nauyi kafin amfanin gona ya shigo. Saboda haka asibitoci kan fara da ɗaki ɗaya ko biyu, su faɗaɗa bayan sun ga yadda aikin ya zauna.

Abin da ya rage a hannun mai jinya

Ko wane tsari asibiti ke bi, akwai abin da iyali za su iya yi. A nuna wa likita duk maganin da majinyaci ke sha a gida, har da na gargajiya. A faɗi maganin da ya taɓa sa shi ƙaiƙayi ko kumburi ko sarƙewar numfashi. Idan an rubuta allura mai tsada ta kwanaki da yawa, a tambaya ko za a iya karɓar ta kwana ɗaya ko biyu tukuna. Kada a ba majinyaci komai daga leda ba da sanin ma'aikatan jinya ba, kada kuma a ara wa maƙwabcin gado. Ranar sallama a nemi lissafi, a tambayi wane magani za a ci gaba da sha a gida, sau nawa a rana kuma har zuwa yaushe, ragowar da aka daina kuwa a miƙa ta ga sashen magunguna.