Brian Greenwood

Brian Greenwood (an haife shi a shekarar 1938) likita ne ɗan ƙasar Birtaniya, kuma masanin cututtukan ƙasashe masu zafi. An fi saninsa da bincike kan sanƙarau da zazzaɓin cizon sauro. Shekaru goma da ya yi a Zariya sun taimaka wajen sauya yadda ake gano sanƙarau da yi masa magani a arewacin Najeriya da sauran yankin Sahel.

Karatu da fara aiki

Ya yi karatun likita a Jami'ar Kambirij da Asibitin Middlesex da ke Landan. A shekarar 1965 ya zo Najeriya, ya yi aiki a asibitin koyarwa na Ibadan. Daga nan ya koma Ingila ya ƙaro ilimin garkuwar jiki. A 1970 ya dawo, ya shiga cikin malaman sabuwar makarantar likitanci ta Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya.

Bincike a Zariya

Ƙwayar cutar da ke haddasa annobar sanƙarau, wato meningokokus, tana yin ɓarna ta hanya biyu. Takan kumbura fatar da ta lulluɓe ƙwaƙwalwa da laka, wanda ke jawo sandarewar wuya, kuma wasu daga cikin waɗanda suka warke sukan gamu da kurumta, farfaɗiya ko raunin fahimta. Takan kuma bazu cikin jini, yanayin da likitoci ke kira sefsis, inda hawan jini ke faɗuwa, gaɓoɓin ciki su kasa aiki, mutum ya iya mutuwa cikin 'yan sa'o'i.

Greenwood da abokin aikinsa Hilton Whittle sun gwada hanyoyin gano alamar ƙwayar cutar a cikin ruwan da ake ɗiba daga ƙashin baya, ba tare da jiran kwanaki don a raini ƙwayar a ɗakin gwaji ba. Tare da likitocin Najeriya, sun kuma nuna cewa allura ɗaya ta maganin kuloramfenikol da aka haɗa da mai tana iya warkar da yawancin majinyata. Wannan ya zama babban sauƙi ga asibitocin karkara, inda babu isassun gadaje da ma'aikatan da za su riƙa yin allura sau da yawa a rana. An daɗe ana amfani da wannan hanya a lokutan annoba a Afirka, kafin maganin seftiriyazon ya maye gurbinta.

Tawagar ta kuma duba dalilin da ya sa cutar ke tashi daga hunturu zuwa bazara, ta lafa da faɗuwar damina. Sun gano cewa mutane da yawa na ɗauke da ƙwayar a maƙogwaro rani da damina ba tare da ciwo ba, sai suka danganta tashin cutar da busasshiyar iska da ƙura, masu raunana hanci da maƙogwaro har ƙwayar ta samu shiga jini. Wani bincikensu ya nuna cewa zazzaɓin cizon sauro na rage ƙarfin da rigakafi ke yi a jikin yara.

Gambiya da Landan

A 1980 ya koma Gambiya, ya shugabanci cibiyar binciken lafiya ta Birtaniya da ke Fajara na tsawon shekaru 15. A can ne aka nuna cewa gidan sauro mai magani na rage mutuwar yara. Daga 1996 ya zama farfesa a Makarantar Nazarin Tsafta da Cututtukan Ƙasashe Masu Zafi ta Landan.

Tasiri a arewacin Najeriya

Jihar Jigawa, har da masarautar Haɗejiya da ƙananan hukumominta irin su Guri, tana cikin zirin sanƙarau na Afirka, wanda ya miƙe daga Senegal zuwa Habasha. Annobar 1996 ta kama fiye da mutum 100,000 a Najeriya, ta kashe sama da 11,000. An fara amfani da rigakafin MenAfriVac a Burkina Faso, Mali da Nijar a 2010, ya iso Najeriya a 2011. Greenwood na cikin masanan da suka auna tasirinsa a Chadi, inda rahoton 2013 ya nuna cutar ta ragu da kashi 94 cikin ɗari a yankunan da aka yi rigakafin. Bayan da nau'in A ya ja baya, wasu nau'o'i irin su C sun ci gaba da ɓulla, shi ya sa a 2024 Najeriya ta zama ƙasa ta farko da ta yi amfani da Men5CV, mai kare nau'o'i biyar, yayin ɓarkewar cutar a Jigawa, Bauchi da Yobe.

Yana kuma cikin waɗanda suka assasa tsarin ba ƙananan yara maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro duk wata a lokacin damina, wanda Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2012. Tsarin na da muhimmanci ga yankunan fadama kamar kwarin Kogin Haɗejiya, inda ruwa ke kwanciya sauro ya yawaita.

Lambobin yabo

A 2008 ya samu kyautar Hideyo Noguchi ta Afirka daga gwamnatin Japan, a karon farko da aka bayar da ita. A 2012 ya samu kyautar Gairdner ta ƙasar Kanada, kuma a shekarar Sarauniyar Ingila ta ba shi muƙamin Sir.