Tele ta ƙi nuna bidiyon da ke cikin salula: inda matsalar take da yadda ake gyara ta

Wani dattijo daga wajen Kanambakashe ya kira mu a shirin dare, ransa a ɓace. Ɗansa da ke aiki a Libiya ya aiko da tele sabuwa fil, irin mai kama Wi-Fi, ya kuma turo bidiyon sunan jikan da ba su taɓa gani ba. Bidiyon yana buɗewa lafiya lau a salula, amma idon kakar ya yi rauni, ba ta gane fuska a ɗan gilashin waya. Kwana uku ana fama, tele ta ƙi nunawa. An sayi forfe sau biyu, har an fara shawarar a kai ta wajen mai gyara a Mayahi, wani kuma ya ce ai jabu yaron ya sayo. Ashe tele lafiyarta ƙalau. Tana manne ne da Wi-Fi na salular ƙanen yaron, ita kuwa salular da ke da bidiyon tana kan rezon kamfani.

Da yake irin wanga kira ya yi yawa, daga Korgom, Maijirgi, Urafan, Cake har cikin garin Tasawa, muka ga ya kamata mu ajiye bayanin a nan, mai buƙata ya dawo ya karanta, na waje kuma ya karanta wa na gida ta waya.

Wi-Fi daban, intanet daban

Nan ne mafi yawanmu ke ruɗewa. Wi-Fi kamar tsakar gida yake, inda mutanen gidan ke ganin juna su miƙa wa juna kaya. Intanet kuwa ita ce gudron da ta bi ta Tasawa, ta yi Maraɗi ta yi Damagaram. In za ka miƙa wa matarka ƙwarya a tsakar gida, me ya kai ka bakin gudron? To, haka bidiyon da ka riga ka sauke daga WhatsApp yake: yana cikin salularka, kuma tsakaninsa da tele taku biyar ne. Abin da ake bukata shi ne su kasance a tsakar gida guda. Forfe na Airtel, na Moov ko na Zamani, ko jiga nawa ka saya, ba ya haɗa salula da tele.

Don haka abin dubawa na farko: buɗe Wi-Fi a salula, ka karanta sunan wanda ta kama. Je ka saitin tele ko na ɗan akwatin Android, ka karanta sunan da ke can. Harafi ɗaya ya bambanta, to ba gida ɗaya suke ba. In sunan iri ɗaya ne amma kana shakka, akwai lambar da ake kira IP, wadda kowace na'ura ke samu in ta shiga Wi-Fi. Kashi huɗu gare ta, kamar 192.168.8.100. A gida, kashi ukun farko ya kamata su zo ɗaya a salula da tele, na ƙarshe kawai ke bambanta. In ka ga lambar tele ta fara da 169.254, ba ta samu wurin zama ba ke nan: kashe mai raba Wi-Fi ɗin, ka ƙirga talatin, ka kunna shi, sannan ka kunna tele.

Wane yare tele ɗinka ke ji?

Hanyar tura hoto daga salula zuwa tele ba ɗaya ba ce, kuma ba sa jin yaren juna.

Wadda ta fi dacewa da ƙauye ita ce Miracast, da ta fito a 2012. Ita madubi ce: duk abin da ke fuskar salula shi ke fitowa a tele. Ba ta cin mega ko ɗaya, ba ta ma neman mai raba Wi-Fi, salula da tele ne ke ƙulla tasu hanyar kai tsaye. A Samsung sunanta Smart View, a sauran salula sunan yana canzawa, za ka ga Cast, ko Diffusion, ko wani abu mai kama da haka in ka jawo labulen sama. Abu biyu ke hana ta. Na farko, tele da yawa sai ka shiga da telekomand ka buɗe shafin madubin, ka bar shi a buɗe, sannan salula ta gan ta. Na biyu, salula da yawa ba sa iya raba Wi-Fi su kuma yi madubi a lokaci guda. Kashe Point d'accès, ka bar Wi-Fi kawai a kunne. Wannan shi ya raba gardama a gidan dattijon nan.

Chromecast na Google, wanda ya fito a 2013, halinsa daban ne. Shi ɗan birni ne, yana son intanet, tun daga ranar da za a saita shi. Yawanci in ka tura masa YouTube, ba daga salularka yake karɓar hoton ba, shi da kansa yake zuwa ya ɗauko, salula ta zama telekomand. In babu akwatin Wi-Fi a gidan, ya fi sauƙi da salula biyu: ɗaya ta raba, ɗaya ta yi umarni. Google ya daina ƙera shi a 2024, amma waɗanda ke hannun mutane suna aiki, kuma tele masu Android TV da Google TV suna da shi a ciki.

iPhone kuma AirPlay take ji, ba ta jin Miracast sam. Wanda ya zo hutu daga Faransa da iPhone, ya ga ta ƙi tele ɗin gidan alhali Tecno ɗin ƙanwarsa ta kama nan take, kada ya zargi kowa. Salular Pixel ta Google ma ba ta yin Miracast.

Akwai kuma DLNA, tsohuwar hanya, wadda tele ke leƙa cikin salula ko kwamfuta ta zaɓi bidiyo da kanta. Ƙungiyar da ta kafa ta ta rufe a 2017, amma tele da yawa har yanzu suna da ita. Sai dai in salula ta yi barci ta kashe manhajar don tattalin batir, tele za ta neme ta ta rasa.

Suna kan Wi-Fi guda, amma ba sa ganin juna

Fara da VPN. Samari da yawa sun saka ta sun manta. Ita VPN kamar mutum ne ya shiga ɗaki ya ja ƙyaure: yana gidan, amma ba mai ganinsa. In akwai ɗan hoton makulli a saman salula, kashe ta tukuna.

Sai izini. Tun 2020 iPhone ke tambaya ko manhaja za ta iya ganin Réseau local, sababbin Android su ma suna tambayar izinin na'urorin da ke kusa. Da yawanmu in tambaya ta fito da Faransanci sai mu danna a'a don ta kauce. Koma Paramètres, ka nemi manhajar, ka ba ta izinin.

Sai Wi-Fi na haya, wanda ake sayen tikiti na awa ko na yini. Sun ƙaru tun da Starlink ya fara aiki a Nijar a 2025. Mai wurin yakan saita shi ta yadda masu saye ba sa ganin na'urorin juna, kuma daidai ya yi, don kada wani ya leƙa salular wani. Amma hakan na nufin salularka ma ba za ta ga tele ɗinka ba, ko da dukansu sun kama. Ga kuma shafin da ake rubuta lambar tikiti, wanda ƙananan na'urori irin tsohon Chromecast ba su da inda za su buɗe shi. In akwatin Wi-Fi ɗin naka ne, shiga saitinsa ka kashe abin da aka rubuta Isolation AP, kada kuma ka ɗora tele a kan Wi-Fi na baƙi.

In tele ba ta ga sunan Wi-Fi ɗin ba kwata-kwata, zango ne. Akwai 2,4 GHz akwai 5 GHz. Tele da akwatuna masu araha na farkon kawai suke kamawa, to mayar da Point d'accès ɗinka kan 2,4. Shi ne ma ya fi ratsa bango. Katangar ƙasa mai kauri da ƙyauren kwano suna cinye Wi-Fi ƙwarai, ni da kaina na sha wahalar wannan: salula tana caji a zaure, tele tana ɗakin tsohuwa, hoto yana tsinkewa, ina zagin akwatin da bai yi laifin komai ba. Da na kawo salular ɗakin, shi ke nan.

Agogo, kuran da zafi

Wannan ita ce wadda masu gyara kansu ke tsallakewa. Yawancin ƙananan akwatunan Android ba su da ɗan batirin da ke riƙe agogo. Kuran ya ɗauke, ko batirin pano ya sauka da dare, in ya dawo sai akwatin ya farka yana zaton wata shekara ce da ta wuce. YouTube da ire-irensa suna duba kwanan wata kafin su yarda da na'ura, sai ka ga an rubuta an haɗa amma babu intanet, alhali forfe na nan daram. Shiga Date et heure, ka gyara rana da lokaci da hannu, sannan ka sa shi ya riƙa gyara kansa. Waɗanda ke kan layin NIGELEC sun san yadda aka sha a 2023, lokacin da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu. A irin wannan yanayi sai ka gyara agogon sau uku a yini.

Akwatin da ke mutuwa yana tashi shi kaɗai, yawanci yunwar wuta ce. Ramin USB na bayan tele wuta kaɗan yake bayarwa. Sa masa nasa sharjer. A watan Afrilu da Mayu kuma, in zafi ya haura digiri 40, salular da ke raba Wi-Fi tana caji a lokaci guda takan yi zafi ta kashe rabon da kanta. Cire mata riga, ka ajiye ta a inuwa, kada a kan tele.

Ta ga bidiyon, ta ƙi buɗe shi

In sunan bidiyon ya fito amma allo ya yi baƙi, ko hoto na tafiya babu murya, haɗin ya yi, ɗaurin bidiyon ne tele ba ta iya kwancewa ba. Tun 2017 iPhone ke ɗaukar bidiyo da tsarin HEVC, wanda tsofaffin tele ba su sani ba. In an turo shi ta WhatsApp yadda aka saba, WhatsApp yakan matse shi ya mayar da shi irin wanda kusan kowace tele ke buɗewa. In an turo shi a matsayin takarda don kada hoton ya rage kyau, to yana zuwa yadda aka ɗauke shi. A akwatin Android, saka VLC, kyauta ce, kuma tana buɗe kusan komai. Mai iPhone kuma ya shiga Réglages, Appareil photo, Formats, ya zaɓi Le plus compatible kafin ya ɗauki bikin.

Masu kwamfuta a makarantu da ofisoshin kwamin: in Windows ta ɗauki Wi-Fi ɗin a matsayin Public, tana ɓoye kanta, sai a mayar da shi Privé. Kuma tun 2017 Windows 10 ta daina zuwa da tsohuwar hanyar rabon fayil ta SMB1 a buɗe, wadda tsofaffin akwatuna ke nema. Kada a sake buɗe ta, ta nan ƙwayar WannaCry ta shiga kwamfutocin duniya a shekarar.

Ga ƴan uwa na waje

Ku da ke Kano, Abijan, Tamanraset, Tripoli ko Turai, kafin ku sayi kaya ku tambayi gida: akwai kuran ko pano ne, wace irin salula ce a gidan, wa zai riƙa sayen forfe? Tele mai wayo in ta samu Wi-Fi takan hau sabunta kanta ba da sallama ba, ta lashe forfen mako a dare ɗaya, kuma bidiyo mai kyan hoto na iya cin kusan jiga 3 a awa. Ku karanta bayan na'urar: kuran ɗinmu 220 ne, na Amurka 120. In an rubuta 100–240V babu damuwa, in 120V kawai aka rubuta, ranar farko za ta ƙone. Wayar da ke haɗa salula da HDMI kuma ku bincika tukuna, don salula masu araha yawancinsu ba sa fitar da hoto ta ramin caji, ko da bakin wayar ya shiga daidai. Ku saita yaren tele zuwa wanda wani a gidan ke karantawa kafin ku rufe kwali.

Masu yin madubi kuma, ku tuna duk saƙon da ya shigo salula zai fito a tele, gaban surukai da yara. A sa Ne pas déranger tukuna.

A gidan da babu mai haƙurin duk wannan, a sayi kle USB, wanda ƴan Kano ke ce wa filash, da ɗan bakin OTG da ake sa shi a salula. A kwafe bidiyon a kle, a soka a bayan tele, a danna Source a zaɓi USB. In bidiyon ya haura jiga 4 ya ƙi shiga, kle ɗin yana kan tsarin FAT32 ne, wanda ba ya ɗaukar fayil guda da ya fi haka: ko a raba bidiyon biyu, ko a mayar da kle ɗin exFAT in tele na karanta shi. Mayarwar tana goge duk abin da ke ciki, don haka a kwashe hotunan a ajiye wani wuri kafin a taɓa.