Gwanin da ya juya wa allo baya: tarihin buga dara babu gani

Yau tarihin namu ya shafi darar nan mai sarki da doki, wadda Larabawa ke kira shaɗaranji, Faransawa kuma échecs. Gida 64 gare ta, da ƴaƴa 32. Tambayar ita ce: in an ɗauke wa gwani allo daga gabansa, me ya rage masa?

Ga yadda ake yi. Gwanin yana zama ya ba allo baya. Kowane gida na da suna, harafi da lamba, sai wani ya riƙa faɗa masa abin da abokin wasa ya tura, shi kuma ya faɗi nasa da baki. Littattafan tarihin wasan na cewa Sa'idu bin Jubairu, tabi'in nan da Hajjaju ya kashe, yana cikin na farko da aka sani da yin haka.

A Turai kuwa abin ya daɗe yana ba mutane tsoro. Philidor, Bafaranshe mai tsara kiɗa, ya kara da mutum uku a lokaci ɗaya a Landan a 1783, har sai da aka sa shaidu suka sa hannu a takarda, don kar na baya su ce ƙarya ce. Marubuci Diderot ma ya aika masa wasiƙa yana ja masa kunne, wai kada ya haukata kansa saboda neman suna. Mutum uku fa kacal! A 1858 Paul Morphy, ɗan Amurka, ya kara da 8 a Faris. Alekhine ya kai 32 a Chicago a 1933. A 2016 Timur Gareyev ya kai 48 a Las Vegas, ya ci 35.

Wanda labarinsa ya fi taɓa ni shi ne Miguel Najdorf, Bayahude ɗan Poland. Ya je gasa a Ajantina a 1939, yaƙi ya ɓarke, hanyar gida ta toshe. Ya buga allo 40 babu gani a 1943, sannan 45 a São Paulo a 1947, inda ya ci 39. Burinsa jaridu su ɗauki labarin, ko wani nasa da ya tsira ya karanta ya neme shi. Matarsa da ɗiyarsa da iyayensa duk ƴan Nazi sun riga sun kashe su.

To, me suke gani a cikin kai? Da yawa za su ce hoton allo ne tsaf, kamar na kyamara. Alfred Binet, masanin halayyar ɗan Adam a Faransa, shi ma haka ya zata. Ya bi gwanaye da tambayoyi, ya fitar da littafi a 1894. Abin da ya samu: galibin manyan ba su damu da launin itace ko siffar doki ba. Abin da suke riƙewa shi ne wane ɗa ke tsaron wane, wace hanya ce a buɗe, ta ina haɗari zai ɓullo. Ku lura da tsofaffinmu masu dara a ƙarƙashin dogon yaro: idonsu na kan ramukan, amma lissafinsu ya yi gaba da taku uku.

A ganina gwajin da ya fi fito da maganar fili shi ne na Chase da Simon a Amurka, 1973. An nuna wa gwani allo na daƙiƙa biyar, aka rufe, aka ce ya sake jerawa. In jerin daga wasa na gaske aka ɗauko shi, sai ya yi wa ɗan koyo fintinkau. Da aka warwatsa ƴaƴan barkatai babu ma'ana, kusan duk fifikon nasa ya ɓace, ya riƙa tuna ƴan ƙalilan kamar kowa.